Jan Makulli A Aljihun Yaya



Mu uku ne muka haɗa kuɗi muka sayi wata tsohuwar mota don shiga tseren 'yan sha'awa a nan Ingila, inda neman abinci ya kawo mu. Duk wanda muka faɗa wa haka a gida, tambayarsa ta farko ita ce: nawa ake ci? Ba a cin ko sisi. Kai za ka biya kuɗin shiga, kai za ka sayi taya da mai, in ka yi sa'a ka zo na uku a miƙa maka ɗan kofi wanda bai kai kuɗin man da ka ƙona ba. Mu ko kofin ba mu taɓa riƙewa ba. Abin da muka tara shi ne baƙin mai a ƙarƙashin farce, da ciwon baya, da wata rigima guda ɗaya da ta kusa raba mu. Labarinta muka kawo muku yau.

Babbanmu muna ce masa Yaya. Bakanike ne, a Kano ya koyi aiki tun yana ƙarami, irin yaran garejin nan da ake aika Ƙofar Ruwa da tsohon ƙarfe a leda a ce su nemo irinsa. Yanzu a wani gareji yake aiki a birnin Lesta. Shi ba ya shiga tsere, ya ce rabonsa safana ne. Na tsakiyarmu shi ne Ma'aji, mai riƙe da littafin kuɗi, wanda ya san farashin kowane noti da ke jikin motar. Ƙaraminmu Auta, ya fi mu zafin jini, ya kuma fi mu iya tuƙi, wannan ba ma musu a kai. Tsarinmu kamar adashi ne: kowa ya zuba a ƙarshen wata, tuƙi kuma karɓa-karɓa tsakanin Ma'aji da Auta.

In aka ce tseren mota, Formula 1 da su Lewis Hamilton ne suke fara zuwa wa mutane a rai. Amma a ƙarƙashin wannan akwai wata duniyar daban. Daga watan Maris zuwa Oktoba, da wuya a yi ƙarshen makon da ba a tsere a wani fili a ƙasar nan, kuma matuƙan masu aikin famfo ne, da malaman makaranta, da 'yan fansho. Ƙungiyoyi ne suke shirya musu, irin su 750 Motor Club da aka kafa a 1939, inda Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya fara gwada motocin da yake ƙerawa da hannunsa. Da yawa daga cikin filayen tsoffin sansanonin jiragen yaƙi ne na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamar Snetterton, da Silverstone inda aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 a 1950.

Kafin ka shiga sai ka samu lasisi daga hukumar Motorsport UK. Akwai jarrabawar rubutu, wadda ma'anar tutoci ta fi yawa a cikinta, akwai kuma ta tuƙi, malami na zaune a gefenka. In ka ci, da sauran magana. Za ka liƙa wa bayan motarka wata alama ruwan ɗorawa mai baƙin X a tsakiya, don na bayanka ya san sabon shiga ne a gabansa. Ba ka da ikon cire ta sai ka gama tsere 6 lafiya, kowanne shugaban tseren ya sa maka hannu. Ma'aji ya riga ya cika nasa, don haka ranar tuƙinsa sai mu rufe alamar da baƙin tef. Ranar Auta kuma a ɓare tef ɗin. Wannan ɓarewar tana ci masa rai, mu kuma ba mu daina tsokanarsa da ita ba.

Motar tamu ƙarama ce ƙirar Japan, mai kujera biyu, injinta lita 1.6, ta haura shekara 25 a duniya. An kwashe duk kayan cikinta, an girka kejin ƙarfe, da kujerar tsere mai ɗamara, da tukunyar kashe gobara. A gefen sitiyari akwai makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, yana da wani jan makulli na roba da ake iya zarewa. In babu shi a raminsa, ko fitila ba za ta kama ba, balle injin.

A watan Oktoba na wata shekara da ba ta daɗe ba muka nufi Cadwell Park, tserenmu na ƙarshe a kakar, domin asusu ya ƙare. Auta ne da tuƙi, yana da sa hannu 4. Tsere ɗaya ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi. In ya gama duka biyun, alama ta sauka. In ya rasa ɗaya, da ita zai shiga hunturu, sai kuma wata shekarar.

Filin yana yankin Lincolnshire, tsakanin garuruwan Horncastle da Louth, tafiyar awa biyu da wani abu daga Lesta in kana jan tirela. Tun 1934 ake tsere a wurin, da babura aka fara. Zagaye ɗaya kimanin kilomita 3.5 ne, siriri, ya ratsa tuddai da kurmi, shi ya sa ake ce masa ƙanen Nürburgring na Jamus. Akwai wani hawa da suke kira Mountain, inda manyan babura ke tashi sama tayoyi biyu a iska. Amma wurin da ya fi ba mu tsoro gangare ne: kana fitowa daga kwanar Gooseneck hanya za ta zube ƙasa, a gindin gangaren kuma kwanar Mansfield na jiranka ta hagu. Duk nauyin mota a kan birki yake a wurin. Ko filin da ake sauka, wanda mu muke kira zango, a karkace yake, sai ka tokare tayoyi da katako kafin ka ɗaga mota da jak.

Matsala ta farko ta same mu tun ƙarfe 7:30 na safen Asabar, a wurin masu bincike. Sun duba kejin, sun duba kwanan watan da ke jikin ɗamara, sun duba hular kwano da rigar da ba ta kama wuta da sauri. Sai mai binciken ya ce a kunna mota, ya fizgi wayar da ke waje kusa da gilashin gaba, wadda ma'aikatan fili za su ja su kashe injin idan direba ya suma a ciki. Injin ya ci gaba da aikinsa kamar ba da shi ake ba. Tsatsa ta riƙe wayar a cikin bututunta. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dubi agogo ya ce mu dawo in mun gyara. Yaya ya kwance ta, ya ɗura mata mai, ya yi ta ja yana turawa har ta saki. Minti 20 aikin ya ci. Muka koma aka buga mana takarda. Muna tura mota zango Yaya yana mita, wai ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aikin daren Alhamis ne.

Ƙarfe 9:40 aka fita zagayen neman gurbi, minti 15, wanda lokacin da ka yi a cikinsa shi zai nuna inda za ka tsaya a layin tashi. Akwai kuma ƙa'ida: wanda bai daɗe da yin tsere a filin ba, shi ke da sassauci, amma baƙo irin Auta sai ya yi aƙalla zagaye 3 kafin a bar shi ya shiga tsere. Muna tsaye a jikin waya muna ƙirgawa. Ya wuce na ɗaya, ya wuce na biyu, ya wuce na uku. Na huɗu muka yi ta baza ido, motoci suna ta wucewa, tamu shiru. Can muka hango ana kaɗa tuta ruwan ɗorawa a wani lungu, da ɗan farin hayaƙi yana tashi ta bayan itatuwa. Wanda bai taɓa tsayawa yana jiran nasa ya ɓullo daga kwana ba, ba zai san tsawon minti ɗaya ba. Sai da janwe ya shigo zango da motar a baya, Auta na zaune a gaba yana ɗaga mana hannu, sannan muka yi numfashi.

Tiyon ƙasan lagireto ne ya tsage daidai bakin maɗaurinsa, ruwa ya tsiyaye tas. Auta ya ce bai lura da allurar zafi ba sai da tururi ya rufe masa gilashi. Abin kunyar shi ne wannan tiyon yana cikin littafin Ma'aji tun watan Afrilu. Yaya ya matsa shi a lokacin ya ce ya yi laushi, aka rubuta "a canja", sai kuɗin ya tafi wajen taya. Yanzu tsoronmu ya wuce tiyo. Injin da ya yi gudu babu ruwa yana iya ƙona gaskit ɗin samansa, ko kan injin ma ya lanƙwashe, in haka ta faru kuwa sai dai a ɗora mota a tirela.

Kusa da mu akwai wani dattijon Bature da matarsa, suna da mota irin tamu, a aji ɗaya muke tsere. Bai tambaye mu komai ba. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya koma motarsu, ya dawo da tiyo a hannu ɗaya, ma'aunin matsin injin a ɗayan. Ma'aji ya zaro walat, dattijon ya ture hannunsa, ya ce in yaronmu ya wuce shi a tsere sai ya saya masa shayi. Muka ɗaura tiyo, muka cika ruwa, muka bar injin yana aiki har iskar da ta maƙale ta fita. Yaya ya buɗe murfin baƙin mai, babu farin kumfa mai kama da madara. Ya duba bakin lagireto, ruwa ba ya ɓulɓula. Muka cire filogi huɗu muka auna silinda ɗaya bayan ɗaya, duk lambobin suka zo kusa da juna. Injin ya tsira. Matar dattijon ta kawo mana shayi, muka sha a tsaye da baƙaƙen hannaye.

Ƙarfe 2:30 aka tashi tseren farko. Da yake zagaye 3 kacal ya yi da safe, Auta ya tashi na 25 cikin motoci 27. Yaron ya yi tuƙi, wannan ba a cewa komai. Minti 15 yana tsintar motoci ɗaya bayan ɗaya, ya gama na 18, dattijon nan na gabansa da mota guda. Sa hannu ya zama 5. Muka rungume shi, ya cire hula gumi na zuba duk da sanyin da ake yi. Sai da murna ta lafa ya ce, kamar abin da ba shi da muhimmanci, a zagaye biyun ƙarshe birki ya ɗan yi nisa, sai ya taka sau biyu kafin ya kama.

Dukkanmu abu ɗaya muka kawo: man birki ya tafasa. Sanannen abu ne a wannan harka. Mai irin DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma yana shan danshin iska, in ya sha kuwa yana iya tafasa tun a wajen digiri 155. In ya tafasa sai ya yi kumfa, kumfa kuma tana matsuwa, sai ka taka ka ji kamar soso. Maganinsa a juye tsohon mai a zuba sabo, a fitar da iska. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a ciki yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan noti a bayan kowace taya. Ma'aji ya shiga ciki, Yaya ya kwanta a kan kwali, Auta na haska tocila, ga yayyafi, ga duhu ya shigo da wuri. Yaya ya ce taka, Ma'aji ya taka har ƙasa. Riƙe. Saki. Haka muka zagaye tayoyi huɗu. Da muka gama birki ya yi tauri, muka kwanta da farin ciki.

Da sassafen Lahadi, kafin mu gama karyawa, Yaya ya shiga motar ya zauna. Bai kunna ta ba. Ya ɗora ƙafa a kan birki, bai danna da ƙarfi ba, ya dai riƙe, yana kallon gaba kamar mai sauraron wani abu. Muka ga gwiwarsa tana miƙewa a hankali. Cikin rabin minti ƙafarsa ta kai ƙasa. Ya saki ya sake, haka. Ya fito ya bi kowace taya da tocila, ya bi bututan birki tun daga gaba har baya, babu ɗigo ko ɗaya. Ya duba kofin mai, yana nan inda muka bar shi jiya. Ya goge hannu ya ce, "Masta ce."

Ga wanda bai sani ba, mastan birki ita ce famfon da ƙafarka ke turawa, ita kuma ta tura mai zuwa tayoyi. A cikinta akwai wasu 'yan robobi da ke riƙe matsin. In sun ci, mai ba ya zuba waje, sai dai ya zagaye robar ya koma baya a ciki. Shi ya sa ba ka ganin komai a ƙasa. In ka buga birkin da ƙarfi lokaci guda, robar takan buɗe ta riƙe, ka ji kamar lafiya lau. In ka riƙe a hankali sai ya sulale. Ba kuma wanda zai iya gaya maka a wane taku ne za ta saki gaba ɗaya.

Tserenmu ƙarfe 11:40 ne. Muka rarrabu muka bi zango mota-mota muna tambaya. Mun samu mai kuloci, mun samu mai boris, mun samu wani da akwatin giya sukutum a bayan motarsa, amma babu mai masta. Dattijon nan ya zazzage akwatunansa biyu a kan ciyawa, babu. Wani ya ce yana da ita a gida, amma gidan tafiyar awa uku ne. Shagunan da muka samu a waya, ranar Lahadi a ƙauye, kowa sai ya ce sai dai a yi oda ta zo Talata. Ƙarfe 10 muka dawo muka tsaya a gaban mota, hannu babu komai.

A nan ne kanmu ya rabu, kuma gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce, biyu daga cikinmu sun so a shiga a haka. Auta ya ce minti 15 ne kawai. Ya ce zai zauna a can baya, ba zai yi gasa da kowa ba, zai riƙa buga birkin sau biyu kamar jiya, ya rage gudu da giya, shi dai ya ga tutar ƙarshe. Ma'aji ya kawo nasa lissafin: fam 380 muka biya kuɗin shiga, ba a mayarwa, ga man tirela, ga hutun aiki da kowa ya ɗauka. Ya ƙara da cewa ai masta layi biyu gare ta, in ɗaya ya mutu ɗayan zai riƙe. Kuma ba wanda zai sake binciken motar, takardar jiya tana nan.

Abin da ya sa muka yi tsammanin Yaya zai yarda shi ne, a cikinmu babu sarkin maneji kamarsa. Mun ga ya ɗaure salansa da wayar rataye kaya ta gama tsere. Mun ga ya yanka gwangwanin lemo ya toshe ramin da ke shan iska. Mutumin da ya tashi a garejin da ba a jefar da komai, mun ɗauka wannan ma zai samo mata dabara.

Bai ce komai ba. Ya zura hannu ta taga, ya zare jan makullin nan, ya saka a aljihun rigarsa ya ja zif.

Auta ya ce, "Yaya, ba ni makullin nan."

Ya ce, "Ba zan bayar ba."

"Motar nan ta mu uku ce, kuma mu biyu mun yarda."

"Na ji. In mun koma gida ku cire ni daga adashin. Yau dai ba za ta fita ba."

Sai Auta ya faɗi maganar da har yau in ya tuna yake sunkuyar da kai. Ya ce, "Kai da ba ka taɓa shiga tsere ba, me ka sani a kai? Tsoro ne kawai."

Wurin ya yi tsit. A tarbiyyar da muka taso da ita, ƙane ba ya faɗa wa yayansa haka, ko da ba ciki ɗaya suka fito ba. Yaya ya daɗe yana goge safana da tsumma. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Auta, gyara iri biyu ne. Akwai abin da in ya lalace mota za ta tsaya. Wannan kawo shi in lallaɓa maka, iyakarta janwe ya ɗauko ka. Akwai kuma abin da in ya lalace mota za ta ƙi tsayawa. Wannan ba a lallaɓa shi." Ya juya wajen Ma'aji ya ce, "Layi biyun da kake faɗa, rana ɗaya aka saka robobinsu." Sannan ya nuna motar dattijon da haɓa. "Jiya shi ne a gabanka. Yau ma a kusa da shi za ka tashi. In ta saki a gangaren Mansfield, bayan wa za ka daka? Mutumin da ya ba mu tiyo? Ko masu rigar ruwan lemon nan da ke tsaye a bakin hanya tun asuba, ba a biyansu ko sisi?"

Ba wanda ya amsa. Ma'aji ne ya tafi ofishin masu shirya tsere ya ce a cire lambarmu. Matar da ke wurin ta ja layi a kan takarda, ta ce sai wani karon. Muka hau tudu muka kalli tseren da babu mu a ciki. Ba abin da ya faru a Mansfield, ba wanda ya yi karo, kowa ya gama lafiya. Da ma wani abu ya faru da zai nuna Yaya ne da gaskiya, da rigimar ta mutu a wurin. Ba ta mutu ba. Muka ɗora mota a tirela, muka yi sallama da dattijon da matarsa, muka kama hanya. Daga Louth har Lesta babu wanda ya yi magana, sai ƙarar abin goge gilashi.

Kwana biyar Auta bai ɗaga wayar kowa ba. Ma'aji ya fara lissafin yadda za a raba kuɗi in an sayar da motar. Ranar Asabar Yaya ya cire mastar shi kaɗai, ya buɗe ta a kan benci, ya turo mana hoto ba tare da ya rubuta komai ba. A can ƙarshen bututun, inda robar ba ta saba kaiwa ba a tuƙin yau da kullum, tsatsa ta yi zobe. Bakin robar gaba ya yage kamar an ja shi a kan zarto, ta bayan ma ta fara ci. Ashe tun a tseren Asabar robar ta fara gajiya, mu kuma da muka yi ta taka birki har ƙasa da daddare, mu muka ja ta a kan tsatsar muka ƙarasa ta. Daga baya Yaya ya ce laifinsa ne a nan, ya san ana saka ɗan katako a ƙarƙashin abin takawa in masta ta tsufa, gajiya da duhu suka mantar da shi.

Da yammacin ranar Auta ya zo garejin da sabuwar masta a kwali, da kuɗin aljihunsa ya saya, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigar da muka rasa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe da Yaya har ƙasa, ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, bakina ya yi kuskure." Yaya na ƙarƙashin bonet, bai ɗago ba. Ya miƙo hannu baya ya ce, "Ba ni safana mai lamba 10." Shi ke nan, ba a sake tayar da maganar ba.

Ba za mu ce muku kowa ya koma ra'ayi ɗaya ba. Har yanzu in hira ta yi daɗi Auta yakan ce da an bar shi da ya gama, kuma mai yiwuwa ne da ya gama ɗin. Robar tana iya riƙewa na minti 15, tana iya sakin a zagaye na biyu. Abin da muka yarda da shi mu uku shi ne, ba mu da ikon yin wannan cacar da bayan motar wani. Littafin Ma'aji yanzu shafi biyu ne: na hagu abubuwan da za su iya jiran albashi, na dama birki, sitiyari, taya, ɗamara da bututun mai, waɗanda ko asusu ya ƙare sai dai a fasa tsere a gyara su. Mun haɗa namu akwatin kayan gyara, da tiyo biyu a ciki, ɗaya namu, ɗaya na duk wanda ya zo nema. A wannan hunturun motar ta kwana a gareji da alamarta a baya, sai a watan Afrilu, a Mallory Park da ke kusa da mu, Auta ya samu sa hannu na 6 ya ɓare ta da hannunsa.

Abu ɗaya ne bai canja ba tun daga ranar. Duk safiyar tsere, jan makullin nan a aljihun Yaya yake kwana. Mai tuƙi zai shiga ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan birki ya riƙe, mu biyun da ke waje mu ƙirga 30 da ƙarfi. In ƙafa ba ta motsa ba, sai Yaya ya buɗe zif ya miƙo.

Allah ya kai mu wani makon lafiya.